Anini: Tarihi da fasalin ƙaramin kuɗin da aka ƙera domin ya gaji wuri a kasuwa

Anini, wanda jam'insa aninai, shi ne kuɗin ƙarfe mafi ƙanƙantar daraja da hukumar mulkin mallaka ta Birtaniya ta buga domin ƙasashenta na Afirka ta Yamma. Darajarsa kashi ɗaya ce cikin goma na kwabo. An fara buga shi a 1907, aka ci gaba har zuwa 1957, wato tsawon shekara hamsin. Farin ƙarfe ne a mafi yawan rayuwarsa, faɗinsa kimanin milimita 20, da huji a tsakiyarsa, da tauraro mai tsini shida a bayansa, da rubutun Larabci a fuskarsa.

Ko da yake yau sunansa ya fi fitowa a bakin mai cewa ba shi da ko anini, an ɗora wa wannan ɗan ƙarfe aikin da sule da fam suka kasa. Manyan kuɗin Turawa sun samu shiga baitulmali da kantunan kamfanoni ba tare da wata wahala ba, amma kasuwar yau da kullum, inda ake sayen gishiri da daddawa da ɓarin goro, tana hannun wuri. Duk kuɗin da bai iya sayen ɗan ƙaramin abu ba, bai zama kuɗin jama'a ba tukuna. Wannan gibi ne aka ƙera anini domin ya cike, kuma kowane sashe na fasalinsa yana da alaƙa da wannan manufa.

Matsayinsa a lissafin fam da sule

Tsarin kuɗin da Birtaniya ta kawo ba na goma-goma ba ne. Fam guda sule 20 ne, sule guda kuma kwabo 12, saboda haka akwai kwabo 240 a cikin fam. Da aka raba kwabo gida goma, sai sule ya zama anini 120, fam kuma ya zama anini 2,400. Abin lura a nan shi ne, a Ingila kanta ba a taɓa raba kwabo gida goma ba. Gida biyu ko huɗu ake raba shi. Rabon goma sabon abu ne da aka yi domin masu ciniki da suka saba ƙirga wuri biyar-biyar da ashirin-ashirin.

Hausawa sun raɗa wa kowane mataki na wannan tsari suna. Anini biyar su ne ɗari ko sisin kwabo, wato rabin kwabo. Kwabo ɗaya da rabi shi ne ahu, kwabo uku taro, kwabo shida sisi, kwabo tara nai, sule biyu kuma fataka. Kalmar kwabo ta samo asali ne daga sunan jan ƙarfe a Turanci, sisi da nai kuwa daga sunayen lambobin shida da tara. Sunan ɗari ne kaɗai ya fito daga tsohon lissafi, domin yana nuni da lokacin da ake canza rabin kwabo a kan wuri ɗari. A bisa wannan ƙiyasi, anini guda yana daidai da wuri ashirin, ko da yake farashin canji yakan bambanta daga gari zuwa gari da kuma daga shekara zuwa shekara.

Zamanin wuri

Ba za a fahimci anini ba sai an san abin da ya zo ya tarar. Wuri ƙwanson wata ƙaramar halittar teku ce, kuma mafi ingancinsa daga tsibiran Maldives na Tekun Indiya yake fitowa. Littafin Tarihin Kano ya ambata cewa a zamanin Sarkin Kano Muhammadu Sharefa, wanda ya yi mulki daga 1703 zuwa 1731, wuri ya fara shigowa ƙasar Hausa. Ya samu karɓuwa har ya zamana kalmar kuɗi, wadda asalinta jam'in wuri ce, ta koma sunan duk abin da ake saye da sayarwa da shi.

Wuri yana da kyawawan halaye da suka sa ya daɗe. Ba ya ruɓewa, ba ya tsatsa, ba a iya yin jabunsa, kuma darajar ƙwaya ɗaya ƙarama ce ƙwarai, ta yadda mai talla za ta iya sayar da abu komai ƙanƙantarsa ta karɓi daidai kuɗinsa. Aibinsa kuwa nauyi da wahalar ƙirga. Keso guda, wato wuri 20,000, kayan ɗan dako ne sukutum. Lokacin da matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya tarar ana canza dalar azurfa guda a kan wuri 2,500, wanda ke nufin kayan mutum guda bai wuce dala takwas ba.

Daga tsakiyar ƙarni na 19 al'amarin ya ƙara taɓarɓarewa. Kamfanonin Turai, musamman na birnin Hamburg, suka shiga jigilar wani nau'in wuri mai arha daga gaɓar Zanzibar zuwa gaɓar Afirka ta Yamma. Yawansa ya karya darajarsa, ya zamana ana buƙatar ƙarin wuri domin sayen abin da a da ake saye da kaɗan. Charles Henry Robinson, wanda ya zauna a Kano tsakanin 1894 da 1895, ya koka da yadda ladan ɗaukar wuri a doguwar tafiya yake cinye wurin da aka ɗauka. Manyan fatake sukan guje wa wannan ta hanyar riƙe dukiyarsu a dalar azurfa ko tufafi ko dabbobi, amma ƙaramin ciniki ya ci gaba da dogaro da wuri.

Dalilin ƙera shi

A 1900 Birtaniya ta ayyana mulkinta a Arewacin Najeriya ƙarƙashin Frederick Lugard, wanda Hausawa ke kira Gwamna Lugga. Kano ta faɗa hannunta a watan Fabrairun 1903, Sakkwato kuma a watan Maris na wannan shekara. Sabuwar hukumar tana biyan sojoji da ma'aikata da leburori da kuɗin azurfa na Ingila, tana kuma son karɓar haraji da jangali da irin wannan kuɗi, domin wuri ba shi da amfani a asusun da ake lissafinsa a Landan. A 1904 aka haramta shigo da wuri, da nufin hana shi ƙaruwa.

Sai dai haramcin bai warware matsalar ba. Lebura ko soja da aka biya shi sule ba zai iya sayen abincin rana da shi ba sai ya nemi mai canji ya mayar masa da shi wuri, kuma a kowane canji yakan yi asarar wani abu. Manomin da ya sayar da amfanin gonarsa da wuri shi ma dole ya nemi sule kafin ya biya haraji, kuma a lokacin da kowa ke neman sule farashinsa kan hau. Mafi ƙanƙantar kuɗin azurfa shi ne taro, wanda darajarsa ta kai ɗaruruwan wuri. Ko kwabo ma ya yi wa mai sayen ɗan abin miya girma. Kuɗin tagulla na Ingila kuwa bai samu wata karɓuwa a wurin jama'a ba.

Saboda haka aka yanke shawarar buga kuɗi na musamman domin Najeriya, masu ƙaramar daraja, waɗanda za su sauka kusa da matakin wuri. A 1907 aka fitar da guda biyu: kwabo da anini. Rabin kwabo ya biyo baya a 1911. Bugun farko yana ɗauke da sunan Najeriya tare da na Afirka ta Yamma ta Birtaniya, shekara bakwai kafin a haɗe Arewa da Kudu a 1914. Wannan ya sa anini da kwabo suke cikin abubuwan farko da suka shiga hannun talakawa ɗauke da sunan Najeriya.

Huji

Abin da ido ke fara gani a jikin anini shi ne hujin da ke tsakiyarsa, kuma yana da amfani iri uku. Na farko, yana ba da damar a zura kuɗin a zare ko igiya, a ƙulle, a rataya ko a ɗaura a ƙugu. Wannan ya dace da mutanen da suke tafiya kasuwa da tarin ƙananan kuɗi, ya kuma sauƙaƙa ƙirga, domin ana iya shirya su goma-goma ko sule-sule tun daga gida. A sassan gaɓar teku dama an saba da zura wuri a zare, saboda haka ɗabi'ar ba baƙuwa ba ce.

Na biyu, huji yana bambanta ƙaramin kuɗi da babba. Anini da kwabo farare ne, kamar yadda sisi da sule na azurfa suke farare, kuma faɗin anini ya yi kusa da na sisi, alhali sisi guda anini sittin ne. Da babu huji, da an samu ƙofar ruɗani da cuta, musamman a kasuwar dare ko a hannun wanda bai iya karatu ba. Da taɓawa kawai mutum zai gane abin da aka miƙa masa. Na uku, huji yana rage yawan ƙarfen da ake kashewa, abin da yake da muhimmanci ga kuɗin da darajarsa ta yi ƙasa har tana neman gaza kuɗin buga shi.

Hujin ne kuma ya sa babu hoton sarkin Ingila a jikin anini. A inda kan sarki zai zauna, nan aka huda. Maimakon hoto sai aka sanya kambin sarauta a saman hujin, aka rubuta sunan sarki a kewaye. Manyan kuɗin da ba su da huji, daga taro zuwa fataka, su ne suka ɗauki hoton sarki.

Tauraro mai tsini shida

A bayan anini akwai alwatika biyu da aka sarƙa, ɗaya tana kallon sama ɗaya ƙasa, suka ba da tauraro mai tsini shida wanda ya kewaye hujin. A gefe aka rubuta sunan yankin da shekarar bugu. Masu kallon wannan alama a yau sukan danganta ta da tutar Isra'ila, amma anini ya girmi ƙasar Isra'ila da shekara 41. A duniyar Musulmi an daɗe da sanin wannan zane da sunan hatimin Annabi Sulaimanu, kuma ana samunsa a adon gine-gine da kayan ƙarfe da na fata. Kuɗin tagulla na Maroko na ƙarni na 19 ma suna ɗauke da shi.

Wannan tauraro ne ya zama tambarin Najeriya bayan haɗewar 1914, inda aka zana shi kore a kan jan da'ira, da kambi a tsakiyarsa, a jikin tutar mulkin mallaka har zuwa 1960. An ruwaito daga Lugard cewa ya ga zanen ne a jikin wani kofin ƙarfe da ya shiga hannun sojojinsa lokacin yaƙin Kontagora a 1901. Ta fuskar fasali kuwa, tauraron ya dace da kuɗi mai huji, domin tsakiyarsa dama fili ne mai kusurwa shida, inda hujin ya zauna daram ba tare da ya ɓata zanen ba.

Rubutun Larabci

A fuskar anini an rubuta darajarsa sau biyu, da Turanci da kuma Larabci. Na Larabcin yana cewa ushurin kwabo, inda aka yi amfani da kalmar ushuri, wadda Hausawa suka sani daga fiƙihun zakka da rabon gado, aka haɗa ta da sunan kwabo na Turanci da aka rubuta da haruffan Larabci. Kwabo da rabin kwabo su ma suna da nasu rubutun a wannan tsari.

Dalilin haka a fili yake. A farkon ƙarni na 20 karatun boko bai kafu a Arewa ba. Makarantar gwamnati ta farko a Kano, wadda Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa, ba ta fara aiki ba sai 1909. Amma makarantun allo da na ilimi sun cika birane da ƙauyuka, kuma alƙalai da malamai da fatake da magatakardan sarakuna da haruffan Larabci suke rubutu. Duk wanda yake son jama'ar wannan yanki su karanta darajar kuɗinsa, dole ya rubuta ta da haruffan da suka sani.

Ya kamata a bambanta wannan da rubutun da ke jikin takardun naira. Na anini harshen Larabci ne, na naira kuwa Hausa ce da aka rubuta da ajami, tana faɗin adadin kuɗin kawai. A 2007 Babban Bankin Najeriya ya cire ajami daga takardun naira 5, 10, 20 da 50, a 2014 kuma aka fitar da sabuwar naira 100 ba tare da shi ba, yayin da ya ci gaba da kasancewa a kan naira 200, 500 da 1,000. Muhawarar da ake yi a kan wannan rubutu takan mance cewa al'adar ta faro ne tun kan kwabo da anini, kuma hukumar Birtaniya ce ta fara ta domin sauƙaƙa ciniki.

Ƙarfe iri uku

An buga anini da ƙarfe iri uku a tsawon rayuwarsa. Bugun 1907 da wani sashe na 1908 na alminiyam ne. A lokacin wannan ƙarfe sabo ne a masana'antu, domin sai a 1886 aka gano hanyar tace shi da wutar lantarki cikin arha. Anini, tare da wani ƙaramin kuɗi da aka buga domin Afirka ta Gabas a wannan shekara ta 1907, su ne ake lissafawa a matsayin kuɗin alminiyam na farko da aka saki domin hada-hadar yau da kullum a duniya. An zaɓe shi ne saboda arha da rashin nauyi, abin da ya dace da kayan da za a ɗauko a jirgin ruwa, a hau da su kogin Kwara, sannan a ɗora wa 'yan dako, domin a lokacin layin dogo bai kai Kano ba sai 1911.

Gwajin bai yi nasara ba. Alminiyam ɗin bai jure laima da gumi ba, yakan yi dishi-dishi ya zaizaye cikin ɗan lokaci. A cikin 1908 aka koma ga gaurayen jan ƙarfe da nikel, irin wanda ake buga kwabo da shi. Wannan gauraye fari ne, mai ƙarfi, ba ya saurin lalacewa, kuma shi ne aninin da aka fi sani, domin ya yi sama da shekara arba'in ana buga shi.

A 1952 aka sake sauyi, aka koma tagulla mai launin ja, a daidai lokacin da nikel ya yi ƙaranci a kasuwar duniya sakamakon yaƙin Koriya. Kwabo da rabin kwabo su ma suka bi sahu. A wannan lokaci dalilin tsoron ruɗani da azurfa ya riga ya kau, domin tun 1920 aka daina buga manyan kuɗin yankin da azurfa, bayan da farashinta ya yi tashin gwauron zabo a ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Sarakuna biyar

Anini ya ɗauki sunayen sarakunan Birtaniya biyar: Edward na VII, George na V, Edward na VIII, George na VI da Sarauniya Elizabeth ta II. A zamanin Edward na VII an rubuta sunan sarki da Turanci, daga George na V kuma aka koma Latin, har zuwa zamanin Elizabeth da aka dawo da Turanci. Laƙabin Sarkin Sarakunan Indiya yana cikin rubutun har sai da Indiya ta samu 'yancin kai a 1947, sannan aka cire shi daga bugun da suka biyo baya.

Bugun 1936 yana da matsayi na musamman wurin masu tara tsofaffin kuɗi. Edward na VIII ya hau gadon sarauta a watan Janairu ya sauka a watan Disamba na wannan shekara, kuma ba a saki ko kuɗi ɗaya mai hotonsa domin hada-hada a Birtaniya ba. Amma da yake anini da rabin kwabo da kwabo ba sa buƙatar hoto, sauya suna kawai aka yi aka buga su. Haka ya faru da kuɗi masu huji na Afirka ta Gabas da Fiji da New Guinea. Ta haka talakan Kano ko Zariya ya riƙe kuɗi mai sunan sarkin da mutanen Landan ba su taɓa ganin kuɗinsa a kasuwa ba.

Ba a taɓa buga anini a Afirka ta Yamma ba. Masana'antar buga kuɗi ta gwamnatin Birtaniya da ke Landan ce take da alhakin aikin, takan kuma ba da kwangilar wani sashe ga kamfanoni biyu na birnin Birmingham, wato Heaton da King's Norton. Ana gane bugunsu da ƙananan haruffa, H ga na farko, KN ga na biyu. Wanda ba shi da harafi bugun Landan ne.

Hukumar Kuɗi ta Afirka ta Yamma

A 1912 aka kafa Hukumar Kuɗi ta Afirka ta Yamma, mai hedikwata a Landan, domin ta kula da kuɗin ƙasashe huɗu: Najeriya, Gold Coast wadda ita ce Ghana ta yau, Saliyo da Gambiya. Daga wannan shekara aka cire sunan Najeriya daga jikin anini, aka bar sunan yankin baki ɗaya. A 1913 hukumar ta fitar da nata taro da sisi da sule da fataka, a 1916 kuma ta fara fitar da takardun kuɗi.

Tsarin hukumar mai sauƙi ne: fam ɗinta daidai yake da fam ɗin Ingila, kuma ba ta sakin kuɗi a Afirka sai an ajiye mata kwatankwacinsa a Landan. Wannan ya ba kuɗin ƙarfi da aminci, amma ya ɗaure yawansa ga yawan amfanin gonar da aka sayar a waje. Idan kasuwar gyaɗa da auduga da koko ta yi kyau, kuɗi ya yawaita. Idan ta faɗi, kamar yadda ya faru a farkon shekarun 1930, kuɗi ya yi wuya a hannun jama'a. A irin waɗannan shekaru na matsi ƙananan kuɗi sukan ƙara muhimmanci, domin farashin kaya yakan sauka zuwa matakinsu.

Anini a kasuwa

Duk da ƙanƙantarsa, anini bai kai wuri sauka ƙasa ba. Idan anini guda wuri ashirin ne, to akwai mataki goma sha tara na farashi da ba zai iya biya ba. Wannan ne ya sa wuri bai ɓace nan take ba. Ya ci gaba da yawo a kasuwannin ƙauye shekaru masu yawa bayan haramcin 1904, yana aiki a matsayin canjin anini. Abubuwan da suka kawo ƙarshensa sun haɗu ne sannu a hankali: dole ta biyan haraji da kuɗin hukuma, kafa baitulmalin sarakuna inda ake biyan albashi da tsabar kuɗi, isowar jirgin ƙasa, da bunƙasar cinikin gyaɗa daga 1912, wanda ya zuba kuɗin ƙarfe a hannun manoma. A hankali farashi ya hau har ya zamana babu abin da ake saye da ƙasa da anini.

A Arewacin Najeriya anini ya fi samun karɓuwa, inda kayan abinci ke da arha kuma al'adar ƙaramin ciniki ta kafu. A kudu maso gabas kuwa jama'a sun riƙe nasu tsohon kuɗin, wato munduwar ƙarfe, har sai da gwamnati ta janye ta tsakanin 1948 da 1949. A ƙetaren iyaka ta arewa, inda Faransa ke mulki, Hausawan Nijar sun bi wata hanyar daban: sun ɗauki tsohon sunan dala suka ɗora wa faran biyar, kuma har yau da dala suke ƙirga kuɗin sefa.

Ƙarshensa

Hauhawar farashin da ta biyo bayan Yaƙin Duniya na Biyu ta rage amfanin anini, kamar yadda shi ma ya rage amfanin wuri. Bugunsa na ƙarshe yana ɗauke da shekarar 1957. A lokacin ƙasashen yankin sun fara ficewa daga hukumar: Ghana ta fitar da nata kuɗin a 1958, Saliyo a 1964, Gambiya ma ta kafa tata hukumar a 1964.

Babban Bankin Najeriya ya fara aiki ranar 1 ga Yulin 1959, ya kuma fitar da kuɗin Tarayyar Najeriya: rabin kwabo, kwabo, taro, sisi, sule da fataka. Babu anini a cikinsu. Sai dai sabon kwabo da rabinsa sun gaji fasalinsa, domin na tagulla ne masu huji da tauraro mai tsini shida. Ranar 1 ga Janairun 1973 aka koma naira da kobo, inda fam guda ya zama naira biyu, sule ya zama kobo goma. A wannan lissafi kobo guda ya yi daidai da anini 12, naira guda kuma anini 1,200. Daga nan huji da tauraro suka ɓace daga kuɗin Najeriya, aka maye gurbinsu da tambarin ƙasa da hotunan auduga, rijiyoyin mai, koko, kwakwar manja da gyaɗa.

Abin da ya bari

Kuɗin ya tafi, sunan ya zauna. Bahaushe yakan ce bai samu ko anini ba, ko kuwa abu bai kai anini ba, yana nufin matuƙar rashi ko rashin daraja, kamar yadda yake cewa ko sisin kwabo. Ana kiran maɓallin riga anini, haka kuma ƙananan taurarin da ke kafaɗar hafsoshin soja da 'yan sanda, har a ce wane mai anini biyu ne ko uku. Da yawa daga masu faɗin waɗannan kalmomi ba su taɓa riƙe ƙarfen a hannunsu ba.

Matsalar da aka ƙera anini domin ta kuwa ba ta tafi ba. Kuɗin ƙarfe na baya-bayan nan da Babban Bankin Najeriya ya fitar, wato kobo 50 da naira 1 da naira 2 na 2007, sun daɗe da ɓacewa daga hannun jama'a, kuma ƙananan takardu ma suna bin sahunsu. Idan ƙaramin kuɗi ya ɓace, farashi ba ya iya hawa da kaɗan-kaɗan. Tsalle yake yi zuwa kuɗin da ke akwai, kuma mai saye da ƙaramin kuɗi shi ne yake biyan bambancin, ko a ba shi alewa a madadin canjinsa. Masu mulkin 1907 sun buga anini ne domin bukatar harajinsu da cinikinsu, amma sun gane cewa kuɗi ba ya kafuwa a ƙasa sai ya iya sayen mafi ƙanƙantar abin da ake sayarwa a kasuwarta.